Baba, Mai Raba Ƙashi da Haure

Daga Allah muke, kuma gare Shi makoma take. Surukina, mahaifin matata, ya rasu a gidansa na unguwar Abbasiya, a Alƙahira, da hantsin wata Talata, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. An yi masa sallah da azahar, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta.

Mai gadin benen ya jera kujeru a ƙofa, aka zauna makoki. Masu ta'aziyya suka kasu gida biyu ba tare da wani ya raba su ba. A dama mutanenmu ne, ɗalibai daga Madinat Nasr da 'yan kasuwar Hayyin Ashir, waɗanda suka san shi da Baban Abbasiya, tsohon da ake cin tuwo a gidansa ranar Juma'a. A hagu kuma wasu tsofaffin Masarawa ne su bakwai ko takwas, sanye da kwat ɗin da aka daina yayinsa, masu shagunan tsofaffin kaya daga tsakiyar gari. Ɗaliban suna ta satar kallonsu. Na ji wani yana gaya wa na kusa da shi cewa marigayi tela ne a da, ɗayan ya ce a'a, shi ya ji an ce direba ne. Wani ya matso kusa da ni, ya tambaye ni a hankali ko me ya haɗa Baba da waɗannan mutane.

Ban kai ga amsa masa ba sai ɗaya daga cikin tsofaffin, wani Kirista mai ɗan zanen gicciye a wuyan hannu, ya zo ya kama hannuna zai tafi. Ya ce shekara arba'in yana sayar da kayan da, bai taɓa rubuta kalmar haure a takarda ba sai Baba ya taɓa abin tukuna. Ya ce yanzu kowa zai rubuta abin da ya ga dama. Ya saki hannuna ya nemi sandarsa.

A sama, matata ta ce Hajja, surukata, ba ta yi kuka ba sai bayan kwana uku. Abin da take ta maimaita wa mata shi ne ba ta da kofin shayi ko ɗaya da Baba bai jiƙa roba a cikinsa ba. Matan suna gyaɗa kai, ba su san abin da take nufi ba.

Ganin mutanen da suka ci tuwonsa shekara da shekaru ba su san sana'arsa ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Akwai wani wasa na mutanen Sin da ake kira majong. Ana yinsa da 'ya'ya ɗari da arba'in da huɗu, kowanne bai kai kwalin ashana ba, an sassaƙa masa rubutu ko fure ko tsuntsu a fuska. A zamanin kakanni, jiragen ruwa masu ratsa mashigin Suwais sun sauke irin waɗannan akwatuna da yawa a Masar, manyan gidaje suka saya, aka yi yayin wasan aka gama, akwatunan suka koma saman sif. Idan tsoho ya mutu magada suka share gida, sai akwatin ya faɗo kasuwar tsofaffin kaya, kuma duk wanda ya kawo, hauren giwa yake kiransa. Aikin Baba shi ne ya duba ya faɗi abin da aka yi shi da shi. Yana duba carbi da mariƙin wuƙa da mataji ma, amma da majong aka san shi.

Shi ɗan mahauta ne daga wani gari a ƙasar Damagaram. Ya fito da niyyar hajji ta ƙasa, ya daɗe a Sudan, a can ya auri Hajja, daga baya ya shigo Alƙahira neman karatu. Karatun bai yi nisa ba, iyali suka yi nauyi, ya kama dako a shagon wani Bagirike. Ya ba ni labarin farkon abin sau ɗaya kawai. Ya ce wata rana yana sauke kabad, mai shago da wani baƙo suna musu a kan akwatin majong, ya leƙa ya ce ai wannan ƙashin sa ne, na ƙwauri. Bagiriken ya tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce tun yana tsaye a rumfar mahaifinsa yake fasa irinsa da gatari. Daga ranar aka rage masa dako aka ba shi kujera kusa da taga.

Ba ya duba kaya sai da safe, a hasken rana, a kan wani farin tawul da Hajja ta gaji da nema ta bar masa. Yakan juye 'ya'yan gaba ɗaya, ya ɗauki guda, ya juya gefensa ba fuskarsa ba, ya kanga masa gilashin ƙara girma. Ya ce ƙashi ba ya ɓoye kansa, domin jini ya taɓa bi ta cikinsa, kuma hanyoyin jinin suna nan: ɗigo-ɗigo baƙaƙe da 'yan gajerun zare da dauɗar hannu ta cike. Haure ba shi da su. Abin da haure yake da shi wasu siraran layuka ne masu gitta juna kamar saƙar raga, sai an karkata shi ga haske ake gani. Bayan ɗan wasan kuma yawanci gora ce, an fiƙe ta an zura a tsagar ƙashin ta kama kanta. Daga kaurin ƙashin a kan gorar yake gane ko akwatin na masu hali ne ko na gama-gari.

Sai kuma robobin da. Akwai wadda Masarawa ke kira baga, da aka yi ta musamman don ta yi kama da haure, har da layuka. Baba ya ce layukanta sun cika miƙewa, kuma ba dabbar da Allah ya halitta da layi a miƙe haka. Akwai kuma bakalit, mai launin man shanu da ya kwana biyu. Waɗannan hanci yake sa musu. Ya tsoma gefen ɗan wasan a ruwan zafi ya shinshina: baga warin kafur take yi, bakalit kuma warin ɗakin magani. Kofunan Hajja ke nan. Wasu dillalai suna gasa allura su soka su ga ko abin zai narke. Baba ya tsani wannan. Ya taɓa korar wani daga falonsa saboda ya fito da allura, ya ce masa in bai iya dubawa ba ya bar kayan mutane da lafiyarsu.

In ya gama, yakan rubuta abin da ya gani a 'yar takarda da Larabcinsa mai karkata, ya sa hannu. Takardar nan ita dillalai ke nuna wa mai saye. A duk shekarun, ya ce akwatin haure na gaske da ya ratsa hannunsa bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Ni na zo Alƙahira karatun fiƙihu, na auri 'yarsa ta biyu a shekarata ta huɗu. Tsakanina da shi kunya ce irin ta surukai: in durƙusa in gaishe shi, ya ce Malam an zo lafiya, in koma gefe. Na fi shekara ina shiga gidan ban tambayi mene ne waɗannan 'yan fararen abubuwa ba. Da na tambayi matata ta ce wasa ne, na bincika, na samu cewa a ƙasar Sin da kuɗi ake yinsa.

A lokacin ina ji da karatu. Wata rana a zaman ɗalibai a Madinat Nasr ana maganar sana'o'i, na ce duk wanda ke taimaka wa cinikin kayan caca yana da kaso a zunubin, ko da duba kayan kawai yake yi. Ban ambaci suna ba. Ban ma buƙaci ambata ba, domin akwai mutum biyu a wurin da suka san aikinsa, kuma kafin Juma'a maganar ta isa Abbasiya.

Ranar Juma'ar ya karɓe ni kamar kullum. An ci tuwo an watse. Da na tashi tafiya sai ya ce in dawo gobe da safe, ni kaɗai.

Na same shi ya shimfiɗa tawul, ya juye akwati guda. Ya ce in zauna a kujera, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. Ya turo mini 'ya'yan.

"Malam, nuna mini yadda ake cacar."

Na ce ban iya ba, Baba.

"Ni ma ban iya ba. Shekara talatin da wani abu ina juya su, ban san wanne ke cin wanne ba. Masu saye ma ba su iya ba, a kabad suke sawa."

Na ce duk da haka asalin abin don caca aka yi shi. Ya ce ya ji. Sai ya tambaye ni hukuncin wanda ya sayar wa mutum ƙashi a matsayin haure. Na ce algus ne, haramun ne. Ya ce to shi a nan yake zaune, tsakanin mai algus da wanda za a cuta, kuma in ya tashi ba a fasa cinikin, sai dai a yi shi babu shi. Ya ƙara da cewa abin da ya fi damunsa tun farko ba cacar ba ce, ƙashin ne, tunda bai san wanda ya yanka shanun ba. Ya kai tambayar wurin malamai tun kafin a haife ni, amsoshinsu suka sha bamban, shi ya sa yake wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya tashi daga tawul, kuma bai taɓa sallah da rigar da ya yi aiki da ita ba. Wannan mas'ala tana cikin littafin da nake karantawa a shekarar, amma ko kusa ba ta zo mini a rai ba.

Ban ba shi haƙuri ranar ba. Na ce zan duba. Ya ce in duba. Muka yi kusan wata huɗu ina aiko matata da yara ranar Juma'a, ni ina fakewa da jarrabawa. Abin da ya kawo ƙarshensa ba hujja ba ce. Hajja ce ta kira ni a waya ta ce tuwo yana ragowa, kuma ita ba ta iya zubar da abinci. Na je. Ya ce Malam an zo lafiya. Har ya rasu ba mu sake tayar da maganar ba. Ban taɓa ce masa na janye ba, shi ma bai nema ba, kuma har yanzu ban tabbata na janye duka ba. Abin da na tabbata shi ne bai kamata in faɗa a inda na faɗa ba.

Bayan wannan sai ya riƙa barina ina zama idan baƙi sun zo, tunda Larabcin Masar ɗina ya fi na ƙanin matata ladabi. A haka na ga zuwan wata tsohuwa Bamasariya daga Bur Sa'id. 'Yarta ce ta kawo ta, ta riƙo mata akwati a cikin jakar leda. Mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne, ya rasu da daɗewa. Ta ce shi ya kawo mata akwatin a shekarar aurensu, ya ce mata hauren giwa ne. Yanzu za su bar gidan su koma ƙarami, 'yar tana so a sayar.

Baba ya duba guda uku kacal, na ga ya gane. Amma ya ci gaba da ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har ya kusa gamawa, abin da ba ya yi. Can ya ware guda ya ajiye gefe.

Ya ce mata ba haure ba ne, ƙashin sa ne da gora, mai kyau, aikin hannu, amma ƙashi. Ya ce mai yiwuwa shi ma mijin haka aka gaya masa a inda ya saya. 'Yar ta ce dama ta faɗa, ta fara tattara jaka.

Sai ya tura wa tsohuwar wanda ya ware. Ya ce wannan ba hannun da ya yi sauran ne ya yi shi ba. Ƙashin ya fi sabunta, bayansa katako ne ba gora ba, an manna shi ne, kuma wanda ya sassaƙa rubutun bai iya rubutun Sin ba, kwaikwayo ya yi, har ya juya wata ƙafa ta koma hagu. Ya tambaye ta ko ta san wanda ya yi.

Ta daɗe tana kallon ɗan wasan. Sannan ta ce ɗansu na fari ya taɓa jefa guda ɗaya ta baranda yana ƙarami, aka nema aka rasa, ta yi fushi kwana biyu. Bayan wani lokaci ta buɗe akwatin ta ga ya cika, mijin ya ce mata a ƙarƙashin kujera ya tsinta. Ta tuna a makon ya sa ta sayo ƙashin miya har sau uku, yana cewa bai ƙoshi da romo ba.

Baba ya ce aikin ya kai na kwana goma ga wanda ba sana'arsa ba. Ta sa ɗan wasan a jakar hannunta, ta ce wa 'yar ta sayar da sauran in tana so. 'Yar ta ce ai ba mai sayen akwatin da bai cika ba. Tsohuwar ta ce to ma'alish, ba komai. Suka tafi da kayansu. Ko takarda ba su karɓa ba.

Yana da halaye da ba su da daɗin zama. Ba ya yabon girki. In aka kawo nama sai ya faɗi gaɓar da aka yanko shi da shekarun dabbar, ko baƙi na nan. Ya ƙi komawa gida ko ziyara bayan rasuwar mahaifiyarsa, bai taɓa faɗin dalili ba, kuma Hajja ta hana a tambaya. Ƙanin matata ya so ya koyi aikin, Baba ya gwada shi wata biyu ya ce masa ba shi da haƙurin kallo, ya je ya nemi wani abu. Yaron ya ji zafin maganar har ya girma, ko da yake yanzu shi ma yana cewa gaskiya ce.

A shekarunsa na ƙarshe yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya yi rauni. Aka yi aiki, bai amfana sosai ba. Gilashin ya daina yi masa amfani, ya koma dogaro da yatsa da hanci, wani lokaci ya ƙwanƙwasa ɗan wasa a haƙorinsa na gaba ya saurari ƙarar. Matata ta roƙe shi ya huta. Ya ce yatsunsa suna gani.

Wata safiya wani mai gidan sayar da kayan ado daga Masar al-Jadida ya kawo akwati. Baba ya shafa, ya shinshina, ya ce ƙashi ne da gora, tsohon aiki, na zamanin jiragen nan. Ni na rubuta takardar da bakinsa, ya sa hannu inda na ɗora masa alƙalami. Mutumin ya yi godiya ya tafi.

Bayan kwana biyu, ina fitowa daga darasi, Baba ya kira ni ya ce in zo in raka shi unguwa. Na same shi ya sa rigarsa ta Juma'a yana jira a bakin gado. Ya ce ya yi kuskure. A kowane akwati akwai 'ya'ya huɗu-huɗu masu zane iri ɗaya, kuma in hannu ne ya sassaƙa, dole wani ya ɗan fi wani zurfi ko faɗi. Waɗannan huɗun da ya shafa ba su da bambanci ko kaɗan. Yatsansa ya gaya masa a lokacin, bai saurara ba, saboda nauyin da sanyin sun yi daidai. Ya ce sabon aiki ne, garin ƙashi aka kwaɓa aka zuba a mazubi, aka jiƙa a shayi don ya yi launin tsufa.

Na ce bari in kira mutumin a waya. Ya ce waya ba ta dawo da takarda.

Muka shiga mikrobas, 'yar ƙaramar bas ta haya, muka sauka, muka yi tafiyar da mai lafiya zai yi a minti biyar, mu muka yi ta a ashirin. Ofishin mutumin yana hawa na uku, lif ya lalace. Baba ya hau yana hutawa a kowace kwana, hannunsa a kafaɗata, karo na farko da ya taɓa jikina in ban da musafaha.

Mutumin ya karɓe mu da fara'a har ya ji abin da ya kawo mu. Ya ce ya riga ya yi alkawari da mai saye, ya tura masa hoton takardar. Ya ce ma'alish ya hajj, kai ne ka sani, kuma in kai ba ka gane ba ranar farko, wa zai gane? Baba ya ce shi ya gane a rana ta uku. Mutumin ya ce takardar ba ta nan, tana gida. Baba ya ce to zai jira. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya fita ya zauna a kan matakala, daidai inda masu shiga ofishin ke wucewa, ya ɗora sandarsa a cinya. Na tsaya kusa da shi. Duk wanda ya hawo sai ya tsaya ya tambayi ko tsohon lafiya, ni kuma in ce lafiya, takardarsa yake jira.

Mun fi awa ɗaya a haka. Da aka kira la'asar mutumin ya fito da takardar a hannu, bai je ko'ina ba. Baba ya ce in karanta masa don ya tabbata ita ce. Na karanta. Ya ce wa mutumin ya kira mai sayen a gabansa ya gaya masa, in ba haka ba shi zai sa a nemo shi. Mutumin ya kira, ya yi maganar a taƙaice, fuskarsa a ɗaure. Baba ya yi masa godiya, ya ba shi haƙuri a kan wahalar da kuskurensa ya jawo masa, ya yaga takardar gida huɗu ya zuba a aljihu.

Saukowa ta fi hawa wuya. A ƙasa ya ce ƙishirwa yake ji, na kai shi wurin mai ruwan rake a bakin titi. Ya shanye kofin a tsaye, ya goge baki, ya miƙo mini.

"Malam, ka gaya musu kada a ƙara kawo mini kaya. Khalas, an gama."

Na ce ai kuskure ɗaya ne a shekara arba'in, Baba.

"Wanda na gane ɗaya ne."

Ba a ƙara kawowa ba. Waɗanda suka zo da akwati a hannu, shayi ya ba su suka koma da shi a rufe. Ya rayu wata bakwai bayan nan, yawanci a baranda, yana sauraron karatu a rediyo.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuran da ya gane da waɗanda bai gane ba, Ya ba Hajja da 'ya'yansa haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.